Yis da 'Ya'yansa Huɗu: Darasi a Kan Yunwa da Gado

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako a Gummi, ko ya sauka tashar mota a Anka da sanyin safiya, ya san ƙamshin waina in ta hau tanda. Mai wainar nan tun jiya ta jiƙa shinkafarta, aka niƙa, ta zuba yis da ɗan sukari, ta rufe ƙullin ta ajiye. Kafin asuba ƙullin ya tashi, ya cika roba yana kumfa. Haka abin yake a wurin masu burodi na Bukkuyum, haka kuma a wurin masu funkaso da fanke. Kowa ya san yis ne ke sa ƙulli tashi, amma ba kowa ya san cewa yis abu ne mai rai ba: yana ci, yana hayayyafa, yunwa kuma tana kama shi.

A wannan darasi za mu duba abin da yis ke yi idan abinci ya ƙare masa. Yakan raba gadonsa gida huɗu, ya killace kowane kashi cikin ganuwa mai tauri, ya haɗa huɗun a jaka ɗaya, kamar 'ya'yan gyaɗa cikin kwanso. Littattafan bayoloji na kiran kowane ɗaya daga cikinsu sifowa, mu kuwa a nan za mu kira shi ɗan ajiya. A cikin wannan 'yar jaka ne ake iya ganin dokar gado ƙiri-ƙiri, kuma dokar ita ce dai ke aiki a gidajenmu kan cutar sikila.

Mene Ne Yis?

Yis dangin naman kaza ne da funfunar da ke fitowa a kan tsohon tuwo, sai dai shi jikinsa duka ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Irin da ake zuba wa ƙulli sunansa na kimiyya Saccharomyces cerevisiae. Saboda ƙanƙanta, ana iya jera ƙwayoyinsa 100 zuwa 200 a tsawon milimita ɗaya. Wani mutumin ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara hango shi a 1680 da madubin ƙara girma, wato maikuroskof, wanda ya ƙera da hannunsa, amma bai gane cewa rayayye ne ba. Sai a 1837 masana a Faransa da Jamus suka nuna haka, sa'an nan daga 1857 Louis Pasteur ya tabbatar da cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa abu tsami da kumfa.

Idan yis ya sami sukari sai ya narka shi, ya fitar da iskar kabon-dayoksaid wadda ke kumbura ƙulli, da ɗan sinadarin itanol wanda yawancinsa ke tashi da zafin wuta. A lokacin ƙoshi, hayayyafarsa ta hanyar toho ce: uwa ta fitar da ɗan toho a gefenta, tohon ya girma, ya ɓalle ya zama ƙwaya mai cin gashin kanta. In akwai abinci da ɗumi, wannan kan ɗauki kamar minti 90. 'Yar da aka samu kwafin uwarta ce sak, shi ya sa za mu kira wannan rabuwar kwafi, wato maitosis.

Umarnin da ke tafiyar da ƙwaya rubuce yake a kan sinadarin DNA, wanda ke naɗe cikin zaruruwan da ake kira kuromosom, a tsakiyar ƙwayar, wato cibiyarta. Duk yankin zaren da ke ɗauke da umarni guda shi ne ƙwayar gado. A 1996 aka gama karanta DNA ɗin yis gaba ɗaya, aka sami haruffa kusan miliyan 12 da ƙwayoyin gado kimanin 6,000. Shi ne na farko da aka yi wa haka a cikin halittun da ƙwayarsu ke da cibiya, rukunin da ɗan Adam ma ke ciki.

Aure a Duniyar Yis

Ƙwayar yis tana iya rayuwa a hali biyu. Akwai mai jeri ɗaya na kuromosom, guda 16, wato hafloyid. Akwai kuma mai jeri biyu, guda 32, wato difloyid. Masu jeri ɗaya jinsi biyu ne, ana kiran ɗaya a, ɗayan kuma alfa. Babu mace babu namiji, kuma a ido ba za a bambance su ba. Bambancin yana wuri guda ne a kan kuromosom na 3, wanda ake kira MAT. Wasu mata da miji a Amurka, Carl da Gertrude Lindegren, su suka bayyana jinsunan nan a 1943.

Kowane jinsi yana sakin wani sinadari da ɗayan ke sansana. Idan a da alfa suka yi kusa, sai kowa ya dakatar da toho, ya miƙo kai zuwa ga ɗan'uwansa, su haɗe su zama ƙwaya guda. 16 da 16 sun zama 32 ke nan. Wannan sabuwar ƙwaya za ta ci gaba da toho muddin akwai abinci, kuma ita kaɗai ce ke iya yin 'ya'yan ajiya.

Sharuɗɗa Uku da Makunni Ɗaya

Ba kowace yunwa ke sa yis yin 'ya'yan ajiya ba. Sai sharuɗɗa uku sun cika:

1. Ƙwayar ta kasance mai jeri biyu, ɗauke da a da alfa duka.
2. Sinadarin naitirojin, wanda da shi ake gina furotin, ya yi ƙaranci.
3. Sukarin gulukos ya ƙare, amma a sami ɗan abinci maras daɗi, kamar asitet, wato gishirin tsamin da ke cikin binega.

Mai karatu ya kwatanta mangwaron da ya faɗo ƙasa a bazara. Da farko zaƙi ne, yis na ta toho. Bayan 'yan kwanaki sukari ya ƙare, saura itanol da tsami. Wannan saura shi ne guzurin aikin da ke gaba, kuma ba ya ƙonuwa sai da iskar oksijin. Don haka yin 'ya'yan ajiya na bukatar iska, saɓanin tashin ƙulli da ke yiwuwa cikin rufaffiyar roba.

Duk waɗannan labarai suna taruwa ne a kan ƙwayar gado ɗaya mai suna IME1, wadda Yona Kassir da abokan aikinta suka bayyana a 1988. Ita ce makunni. Gulukos yana danne ta, wadatar naitirojin tana hana ta aiki. A cikin mai jeri ɗaya kuwa akwai mai gadi, RME1, wanda ke kulle ta ko da ana yunwa. Dalili a fili yake: wanda ke da jeri ɗaya tal, in ya ce zai raba shi biyu, 'ya'yansa za su fito da gadon da bai cika ba, su mutu. Amma a cikin mai jeri biyu, furotin guda daga ɓangaren a da wani daga ɓangaren alfa sukan haɗu su rufe bakin mai gadin. Ta haka ƙwayar ke sanin cewa ita mai jeri biyu ce.

Da zarar IME1 ta kunnu, sai ta tayar da wasu, waɗannan su tayar da na gaba. A 1998 Shelley Chu da Ira Herskowitz da Patrick Brown da abokan aikinsu suka bi sawun dukkan ƙwayoyin gadon yis a lokacin wannan aiki. Suka tarar fiye da 1,000 ne ke sauya hali, kusan rabi su ƙara aiki, rabi su lafa, kuma bi da bi suke yi: na farko, na tsakiya, na ƙarshe.

To, ina ƙwayar da ke fama da yunwa za ta sami kayan gini? Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙwayar takan narka wasu sassan jikinta, ta mai da su kayan aiki. Masanin nan na Japan, Yoshinori Ohsumi, a kan yis ya gano ƙwayoyin gadon da ke kula da wannan cin kai, a 1993, kuma yis ɗin da ya rasa su ba ya iya yin 'ya'yan ajiya. Wannan bincike ne ya ba shi kyautar Nobel a 2016.

Rabuwar Ragi

Zuciyar aikin ita ce mayosis, wadda za mu kira rabuwar ragi, domin tana rage jeri biyu zuwa ɗaya. Ga matakanta:

Mataki na farko, kwafi. Kowane kuromosom daga cikin 32 ya kwafi kansa, ya zama zare biyu manne da juna.

Mataki na biyu, jeruwa da musaya. Kowane kuromosom da aka gada daga a ya nemi takwaransa da aka gada daga alfa, su kwanta kafaɗa da kafaɗa. Sa'an nan abin mamaki ya auku: wani furotin mai suna Spo11 ya bi DNA yana yankawa da gangan, a wurare 150 zuwa 200. Scott Keeney da Nancy Kleckner na Jami'ar Harvard suka tabbatar da aikinsa a 1997. Wajen ɗinke yankan, ƙwayar takan duba zaren takwara, kuma a wurare kamar 90 ɗinkin kan ƙare da musaya, guntun wannan ya koma jikin wancan. Amfanin musayar biyu ne. Tana gauraya gadon iyaye, tana kuma ɗaure takwarori da juna don a ja su daidai lokacin rabuwa.

Mataki na uku, shinge. Ba a wucewa sai an gama ɗinki. Idan an gama, ƙwayar gado mai suna NDT80 ta buɗe hanya. Kafin wannan lokaci, in abinci ya dawo, ƙwayar tana iya fasawa ta koma toho. Idan aiki ya yi nisa bayansa, babu komawa.

Mataki na huɗu, rabuwa sau biyu. A karo na farko wasu siraran igiyoyi su ja takwarori, wannan gabas wancan yamma. A karo na biyu, ba tare da sabon kwafi ba, a raba zaruruwan nan biyu da ke manne. Kwafi sau ɗaya, rabuwa sau biyu: kashi huɗu ke nan, kowanne da kuromosom 16.

Ko ba a yi musaya ba, hanyoyin da takwarori 16 za su iya rabuwa sun kai 65,536. A ɗan Adam, mai takwarori 23, sun kai 8,388,608. Shi ya sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ke kama da juna ba tare da sun zama abu guda ba. Ɗan Adam ma yana da Spo11, kuma a shekarar 2000 an nuna cewa ɓerayen da aka cire musu ita ba sa haihuwa. Idan kuma takwarori suka kasa rabuwa daidai, ana iya haihuwar yaro da kuromosom na 21 guda uku, wanda shi ne sanadin larurar Down. Da yawa daga abin da aka sani game da irin wannan kuskure, a kan yis aka fara gano shi.

Akwai wani abin da ya shafe mu a nan. Nau'in yis da masu binciken rabuwar ragi suka fi amfani da shi sunansa SK1, saboda ƙwayoyinsa na shiga aikin tare, su gama cikin ƙasa da kwana ɗaya. Binciken da Gianni Liti da abokan aikinsa suka buga a 2009, inda suka kwatanta DNA ɗin yis daga sassan duniya, ya nuna cewa SK1 ɗan'uwa ne na kusa ga zuriyar yis ta Afirka ta Yamma.

Ginin Ɗan Ajiya

A rabuwar kwafi, uwa ce ke tsinkewa ta zama biyu. A nan kuwa, ana gina 'ya'ya huɗu ne a cikin cikin uwar. Igiyoyin da suka ja kuromosom suna ɗaure ne a wasu turaka da ke jikin cibiya, kuma a rabuwa ta biyu turakan huɗu ne. Sai fuskar kowane turke ta waje ta sauya, ta riƙa tara 'yan ƙananan ƙunshin tantani, su haɗe su zama sabon tantani mai ruɓi biyu, mai siffar ƙoƙo. Ƙoƙon ya yi ta faɗaɗa yana haɗiye kashi ɗaya na cibiya, tare da ruwan ƙwaya da maitokondiriya, wato murhun da ke ba ƙwaya ƙarfi. Daga ƙarshe bakin ƙoƙon ya tsuke ya rufe.

A tsakanin ruɓi biyun nan ake gina ganuwa, hawa huɗu. Daga ciki akwai manan da gulukan, waɗanda ƙwayar yis ta yau da kullum ma tana da su. Sai kaitosan, dangin abin da ke cikin ɓawon fara. Sai hawa na waje, daitayirosin, wanda ke toshe ƙofofin ganuwar. Hawa biyun nan na waje su ne ɗan ajiya ya fi sauran ƙwayoyi da su. A ciki kuma yana tara wani sukari mai suna tirehalos. Abin da ya rage na jikin uwa sai ya tsuke ya zama jaka, wadda masana ke kira askus, daga kalmar Girkanci mai ma'anar salka.

Uwar tana auna ƙarfinta. A 2005 Christof Taxis da Michael Knop a Jamus suka nuna cewa idan asitet bai wadata ba, turaka biyu ko uku kaɗai take shiryawa, ta haifi 'ya'ya biyu ko uku masu lafiya maimakon huɗu raunana. Bugu da ƙari, aikin yana wanke tsufa. Ƙwayar yis takan yi toho kamar sau 20 zuwa 30 kafin ta mutu, tana tara lalatattun furotin a jikinta. A 2011 Elçin Ünal da Angelika Amon suka gano cewa 'ya'yan ajiyar tsohuwar ƙwaya sukan fito da cikakkiyar ƙuruciya, kamar na sabuwa. Daga baya aka ga cewa tarkacen tsufan a wajen ƙoƙo ake barinsa.

Me Ganuwar Ke Karewa?

Mutumin ƙasarmu, wanda ya san hunturu da zafin bazara, zai yi tsammanin cewa don bushewa aka gina wannan ganuwa. Gwaji ya nuna abin bai tsaya nan ba. A 2008 Alison Coluccio da Aaron Neiman na Jami'ar Stony Brook a Amurka suka kwatanta 'ya'yan ajiya da ƙwayoyin da yunwa kawai ta kwantar. Wajen jure bushewa da daskarewa kusan kunnen doki suka yi. Inda ɗan ajiya ya yi fintinkau shi ne wajen jure tsami mai tsanani da kishiyarsa, da kuma cikin ƙwaro. Ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro yis suke ci. Ƙwayoyin yau da kullum sukan narke a cikinsu, amma 'ya'yan ajiya da yawa sukan fito da rai, a can wani wurin da ƙudan ya sauka.

Yis ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike, sai ya hau na ƙwaro. Ban da haka, cikin ƙudan yana narka jakar, huɗun su watse. Da a jaka suka farka, yawanci da junansu za su haɗu. Da yake sun watse, sai su gamu da bare, gado ya ƙara gauraya. A Italiya ma, a 2012, an gano yis yana shafe lokacin sanyi a cikin cikin rina.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ɗalibai kan yi. Busasshen yis na leda da ake saye a kanti ba 'ya'yan ajiya ba ne. Ƙwayoyin yau da kullum ne aka busar a masana'anta, tirehalos ɗin da ke cikinsu ya kare su. Shi ya sa da an zuba musu ruwan ɗumi da sukari suke farkawa nan da nan.

Biyu da Biyu

Gregor Mendel, wanda ya buga dokokin gado a 1866, bai taɓa ganin rabuwar ragi ba. Lissafi ya yi. A gwajinsa na siffar 'ya'yan wani wake na Turai ya ƙirga 7,324, ya sami masu sulɓi 5,474 da masu tamoji 1,850, wato kusan 3 da 1. Sai da ya ƙirga dubbai domin a wake, haka ma a mutum, abin da rabuwa ɗaya ta haifar yakan gauraye da na sauran.

A yis kuwa, duk huɗun suna nan a jaka ɗaya. Øjvind Winge, a ɗakin bincike na Carlsberg da ke Kofenhagen a Denmak, ya bayyana zagayen rayuwar yis a 1935, kuma a 1937 shi da Otto Laustsen suka riƙa tsinto 'ya'yan ajiya ɗaya bayan ɗaya da siririyar allurar gilashi. A 1959 John Johnston da Robert Mortimer suka sauƙaƙa aikin da wata dabara: ruwan cikin dodon-koɗi yana narka jakar ya bar 'ya'yan.

Ga misali. Yis ɗin da ƙwayar gadonsa ADE2 ta lalace yakan fito ja, mai lafiyarta kuwa fari. A haɗa ja da fari, ƙwayar da za a samu fara ce, domin lafiyayyen kwafi ya rufe lalataccen. Amma jan bai ɓace ba, yana ɓoye. A sa ta yunwa, a buɗe jaka, a shuka huɗun dabam-dabam: biyu ja, biyu fari. A buɗe wata jakar, biyu da biyu. Sai nadiran ake samun uku da ɗaya, inda ɗinkin DNA ya kwafe wani guntu daga takwara. Gani ya kori ji.

Daga Jakar Yis Zuwa Sikila

Farar ƙwayar nan mai ɓoye ja ita ce kwatancin mutumin da jininsa ke AS. Lafiyarsa lau, amma a kan kuromosom ɗinsa na 11 kwafi ɗaya A ne, ɗaya S. Duk rabuwar ragi a jikin namiji mai AS tana ba da ƙwayoyin maniyyi huɗu, biyu A, biyu S, daidai da jakar yis. A jikin mace, ɗaya ne daga cikin huɗun ke zama ƙwai, kuma damar A da S ɗaya ce.

Na sha jin ɗalibai, har da wasu magidanta, suna cewa idan AS ya auri AS, a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai fito SS, don haka in an haifi mai sikila guda, uku na gaba sun tsira. Wannan kuskure ne mai tsada. 'Ya'ya huɗu na gida ɗaya ba 'ya'yan jaka ɗaya ba ne. Kowane ciki sabon ƙwai ne da sabon maniyyi, daga rabuwa dabam, ba ruwansa da cikin da ya gabata. A kowane ciki, damar SS ɗaya ce cikin huɗu, ta AS biyu cikin huɗu, ta AA ɗaya cikin huɗu.

Mu yi lissafi. A cikin gidaje 256 na AS da AS masu 'ya'ya hurhuɗu, abin da ake tsammani shi ne gida 81 babu SS ko ɗaya, gida 108 SS ɗaya, gida 54 biyu, gida 12 uku, gida 1 kuma dukkan huɗun. Wato fiye da gida ɗaya cikin huɗu zai sami masu sikila biyu ko fiye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya na ɗauke da S, kuma ana haihuwar yara kimanin 150,000 da cutar a shekara. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini irin wannan. Ɗalibin da ke Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba sai ya jira doka ba kafin ya san nasa.

Aikin Aji

Gwaji na farko yana bukatar maikuroskof mai ƙara girma sau 400. Mai madubi a ƙasa ma ya isa, hasken rana zai wadatar.

1. A jiƙa ɗan yis na leda a ruwan sukari ya kwana.
2. A bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a ɗauraye sau biyu da tafasasshen ruwan da ya huce, don sukari ya fita.
3. A narka giram 1 na fotasiyam asitet ko sodiyam asitet a ruwa mililita 100. A zuba kaɗan a kwalba mai faɗin gindi, a sa ɗan yis ɗin, a toshe da auduga don iska ta shiga, a riƙa girgizawa.
4. A ajiye a ɗumin digiri 25 zuwa 30. Zafi mai yawa yana hana aikin, saboda haka a watannin Maris zuwa Mayu a sa kwalbar cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.
5. Daga kwana na 3 zuwa na 7 a riƙa ɗiban ɗigo ana dubawa. A nemi ƙwayoyin da ke da 'yan dunƙule biyu zuwa huɗu masu sheƙi a cikinsu.

Malam ya sani cewa yis ɗin burodi an zaɓe shi ne don tayar da ƙulli, kuma da yawa daga nau'o'insa ba su da ƙwazo wajen yin 'ya'yan ajiya. In jakunkuna sun yi kaɗan, ko aka ga masu biyu da uku sun fi yawa, ɗalibai su ƙirga su rubuta, su tattauna dalili.

Gwaji na biyu ba ya bukatar komai sai wake. A ɗauki ƙwarya biyu, ta uwa da ta uba, a zuba wa kowace farin wake 50 da jan wake 50. Fari A, ja S. Ɗalibi ya rufe ido ya ɗauki ɗaya daga kowace ƙwarya, a rubuta, a mayar, a gauraya. Ɗauka huɗu gida ɗaya ke nan. Aji ya haɗa gidaje 100, a ga nawa ne suka sami ja da ja sau biyu ko fiye.

Kammalawa

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Manomin Gulbin Zamfara ba ya cinye irinsa komai tsananin bazara, yis ma da ya ga abinci na ƙarewa sai ya kashe ragowar ƙarfinsa wajen gauraya gadonsa da killace shi. Tun da huɗun na zaune a jaka ɗaya, ya ba masana damar ganin abin da ke ɓoye a jikin ɗan Adam. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa jakar yis ke ba da biyu da biyu, alhali 'ya'yan gida ɗaya ba sa bin wannan tsari, ya riƙe babin gado na jarrabawa, ya kuma san abin da zai tambaya a asibiti kafin a sa ranar aurensa.

Tambayoyi

1. Kawo sharuɗɗa uku da ke sa yis yin 'ya'yan ajiya.
2. Me zai faru da ƙwaya mai jeri ɗaya idan RME1 ɗinta ta lalace, yunwa kuma ta same ta?
3. Bayyana amfani biyu na musayar da ke biyo bayan yankan Spo11.
4. Me ya bambanta busasshen yis na leda da ɗan ajiya?
5. Mai AS ya auri mai AS, 'ya'yansu biyu na farko SS ne. Mece ce damar na uku ya fito SS? Kawo hujja.